Zauren Matafiya: Daga Myeongdong Zuwa Yakhyeon a Ƙafa

Wasiƙu huɗu na wannan fitowar duk a kan birnin Seoul na Koriya ta Kudu suka tsaya, shi ya sa muka haɗa su. Sunayen tituna da tashoshi mun bar su yadda ake rubuta su a allunan birnin, don a iya gane su a hanya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kamfanin da nake wa aiki zai tura ni kwas na mako biyu a Seoul, kuma masaukin da aka kama mana yana unguwar Myeongdong. An ce akwai tsohon cocin Katolika a kan tudu a unguwar, da wani da ya girme shi wanda ake iya zuwa a ƙafa. Aikina na gini ne, ina son ganin yadda aka yi su. Safiya ɗaya kawai zan samu. Wace hanya zan bi, kuma awa nawa zan ware?
Daga wani injiniya, Jidda.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Injiniya. Na unguwarku shi ne babban cocin Myeongdong, wanda aka buɗe a 1898. Wanda ya girme shi kuwa cocin Yakhyeon ne, a unguwar Jungnim-dong, an gama shi a 1892. Tsakaninsu wajen kilomita biyu da rabi ne, wato in dai tsawo ake magana, wanda ya taɓa yin sa'ayi ya taka fiye da haka. Tafiyar kanta minti 40 ce, amma ka ware awa uku, domin akwai wuri na uku a hanya, filin Seosomun, wanda in ka tsallake shi ba za ka gane dalilin da ya sa aka gina na biyun a inda yake ba.

Da farko ranar. Kada ka zaɓi Litinin: gidan tarihin Seosomun a rufe yake, haka ma harabar tsohuwar ƙofar gari ta Sungnyemun. Lahadi cocin biyu cike suke da masu ibada daga safe har yamma, ba ranar duba bango da rufi ba ce. Asabar kuma ana yawan ɗaurin aure a Yakhyeon, ga gangamin jama'a da ake yawan yi a babban titin Sejong-daero, wanda kan sa 'yan sanda su karkatar da masu tafiya. Talata zuwa Juma'a ta fi. Kuma kada ta zama safiyarka ta farko: agogon Seoul yana gaban na Jidda da awa shida, ƙarfe takwas na safe a can ƙarfe biyu na dare ne a jikinka.

Ka isa Myeongdong wajen takwas da rabi, kafin 'yan kasuwa su fito da kaya. Tun da gini ne aikinka, ka zagaya shi ta waje tukuna. Tsawonsa wajen mita 68 ne, hasumiyar ta haura mita 45, kuma jikinsa jan tubali ne da ruwan toka, kusan kala ashirin na siffa daban-daban, kowanne da inda yake zama a kusurwa ko a bakin taga. A lokacin Koriya ba ta da magina masu irin wannan aikin, sai da aka ɗauko su daga ƙasar Sin, kuma yaƙin Sin da Japan na 1894 ya tsayar da aikin na wani lokaci. Wanda ya zana shi wani fada ne Bafaranshe, Eugène Coste, ya rasu a 1896 bai ga ƙarshensa ba. Ta baya akwai ƙofar da ke sauka ɗakin ƙasa inda aka ajiye gawarwakin wasu da aka kashe saboda addinin.

In ka sauko daga tudun ka fito titin Myeongdong-gil, ka yi hagu, wato yamma. Ka miƙe cikin kasuwar, wajen mita 500, har ka fito babban titin Namdaemun-ro, inda za ka ga kantunan Lotte a tsallake. Nan ma hagu. Bayan 'yar tafiya za ka iso mahaɗa mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya: tsohon ginin dutse na Babban Bankin Koriya, na 1912, yana hannun dama, kantin Shinsegae na 1930 yana gabanka. A nan titin ya karkata yamma. Ka bi shi, kasuwar Namdaemun tana hagunka, har ƙofar gari ta Sungnyemun ta bayyana. A 1398 aka gama gina ta. Wani ya cinna mata wuta a Fabrairun 2008, aka sake buɗe ta a 2013, don haka ka lura da inda tsohon dutse ya haɗu da sabo a ganuwar da ke gefenta.

A wannan ƙofar ake ɓata. Titin da ya fi faɗi, wanda ƙafa za ta so ta bi, shi ne mai gangarawa tashar jirgin ƙasa ta Seoul, kuma wanda ya bi shi zai tarar da layukan dogo sun tare shi, sai ya yi dogon zagaye. Naka shi ne Chilpae-ro, wanda ya fita yamma daga ƙofar. Ka bi shi, ka tsallaka Tongil-ro, ka hau gadar Yeomcheon da ta ratsa kan layin dogo. Alamar kana daidai ita ce jerin shagunan masu ɗinkin takalmi a hagunka. A damanka kuma filin Seosomun ne.

Daga sama ba ka ganin komai sai lambu da ciyawa da wata hasumiyar tunawa. Ainihin ginin a ƙarƙashin ƙasa yake, an buɗe shi a 2019, ana shiga kyauta daga tara da rabi na safe. A ganinmu shi ne abin da ya fi cancantar lokacin injiniya a duk tafiyar: an sauya tsohon wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, aka fito da wani fili mai dogayen bangayen jan tubali wanda babu rufi a kansa, ana tsaye can ƙasa ana kallon sararin sama. Ka ba shi awa guda.

Daga nan Yakhyeon bai fi minti biyar ba. Ka tsallaka titin Cheongpa-ro ka hau tudun. Ƙarami ne, wajen mita 32 a tsawo, 12 a faɗi, ba shi da adon Myeongdong, amma shi ne cocin tubali na farko irin na Turai a ƙasar, kuma Coste ɗin nan ne ya zana shi. Gobarar da wani ya tayar a 1998 ta ci cikinsa da hasumiyar, aka gyara shi zuwa 2000, don haka katakon ciki ba na asali ba ne. In ka tsaya a harabar ka juya baya, filin da ka baro yana ƙasa a gabanka. Saboda shi aka zaɓi tudun. Komawa kuma ba sai a ƙafa ba. Tashar metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) ta Chungjeongno tana kusa, layi na 2 zai sauke ka a Euljiro 1-ga bayan tsayawa biyu, ƙofar fita ta 5 ce mai kai ka Myeongdong.

Abu biyu kafin ka tashi daga Jidda. Ka sauke Naver Map ko KakaoMap a wayarka, domin Google Maps ya daɗe ba ya nuna hanyar ƙafa yadda ya kamata a Koriya ta Kudu, saboda dokar ƙasar kan fitar da bayanan taswira. Sannan kada ka tsallaka titi inda babu layin tsallakawa, ko da babu mota. Wasu mahaɗun a wannan yankin ta ƙarƙashin ƙasa ake ratsa su, cikin kasuwannin da ke ƙasan titi, kuma wanda bai kalli lambar ƙofa ba yakan fito a ɓangaren da bai nufa ba.

TAMBAYA: Na ji a wani shirin rediyo cewa an kashe dubban Kiristoci a Koriya a da. Abin ya ɗaure min kai, don na ɗauka Turawan mulkin mallaka ne suka kai musu addinin, kamar yadda aka yi a wurare da yawa. Wa ya kashe su, kuma me suka yi?
Daga wani malamin makaranta, Madina.

AMSA: Malam, ba ta wannan hanyar ya shiga ba. Malaman Koriya ne da kansu suka ci karo da littattafan Katolika da aka rubuta da harshen Sin, suka yi ta nazarinsu, har ɗaya daga cikinsu, Yi Seung-hun, ya bi ayarin jakadu zuwa Bejin aka yi masa baftisma a 1784. Ya dawo ya yi wa abokansa. Suna taruwa a gidan wani tafinta, Kim Beom-u, a yankin da Myeongdong yake a yau, har hukuma ta kai samame a 1785. Shekara goma suka yi babu limamin coci ko ɗaya a ƙasar.

Rigimar ta taso ne daga batun kakanni. Daular Joseon, mai mulkin Koriya a lokacin, ta ginu a kan koyarwar malamin Sin Konfushiyas, inda yi wa iyayen da suka rasu hadaya a gaban allunan sunayensu ke cikin ginshiƙan biyayya, kuma wanda ya ƙi yi wa uba ana ganin gobe zai ƙi yi wa sarki. A 1790 bishop na Bejin ya hana mabiya wannan al'ada. Shekara ɗaya bayan haka wani ɗan babban gida, Yun Ji-chung, ya ƙone allunan gidansu, aka fille masa kai a Jeonju. Ga kuma bayi da mata da 'ya'yan sarauta suna zama wuri ɗaya suna addu'a, abin da fadar sarki ba ta iya haɗiyewa ba, ga siyasar ɓangarorin fada da ta sami sandar dukan abokan hamayya. Manyan kame-kamen sun zo a 1801, 1839, 1846 da 1866. Na ƙarshen ya fi muni, kuma kashe limamai Faransawa tara a cikinsa ya jawo harin jiragen ruwan Faransa a tsibirin Ganghwa. Ana ƙiyasta waɗanda aka kashe a tsawon ƙarnin da kusan 10,000.

Seosomun filin zartar da hukuncin kisa ne na gwamnati, ba na Kiristoci kaɗai ba. Yana wajen ganuwa, gefen kasuwar Chilpae, inda taro ba ya yankewa, kuma da gangan aka zaɓe shi don jama'a su gani su ji tsoro. A nan aka kashe Yi Seung-hun a 1801. Sai bayan yarjejeniyar Koriya da Faransa ta 1886 aka sami sararin yin gini a fili, shekara shida bayan haka Yakhyeon ya tsaya. Yau Katolika sun kai wajen kashi 11 cikin ɗari na mutanen ƙasar.

TAMBAYA: Barkanku da aiki. Ni 'yar Katolika ce, ina aikin jinya a wani asibiti a nan. Ina tara kuɗi da hutu don zuwa taron matasan Katolika na duniya da za a yi a Seoul a 2027. Ba yawon buɗe ido nake so ba, ziyarar ibada nake so in yi yadda ake yin ta. Akwai tsararriyar hanya? Kuma wace takarda zan nema, tun da fasfona na Najeriya ne?
Daga wata 'yar'uwa, Riyad.

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Akwai, kuma fadar Fafaroma ta amince da ita a Satumbar 2018 a matsayin hanyar ziyara ta duniya, ta farko a Asiya. Tsawonta kilomita 44.1, an kasa ta uku. Gajeriyar hanyar da muka kwatanta wa injiniya ba ita ba ce; masu ibada suna haɗa Myeongdong da Yakhyeon ne ta doguwar hanya, ta arewacin birnin.

Kashi na farko, kilomita 8.7, ya tashi daga Myeongdong ya bi ta inda gidan Kim Beom-u yake, da cocin Jongno, da ƙofar Gwanghuimun, da makarantar horar da limamai ta Hyehwa-dong, ya ƙare a cocin Gahoe-dong, unguwar da limamin Sin Zhou Wenmo ya yi Mas (babbar ibadar Katolika) na farko a ƙasar a Istan 1795. Na biyu, kilomita 5.9, ya ɗauko daga nan ya bi ta dandalin Gwanghwamun, inda Fafaroma Francis ya ɗaukaka shahidai 124 a watan Agustan 2014, ya ratsa inda kotuna da kurkukun daular suke, ya fita Seosomun ya hau Yakhyeon. Wato sawun wanda aka kama ake bi, daga tuhuma zuwa filin kisa. Cikin tsarkaka 103 da Fafaroma John Paul II ya ayyana a Seoul a 1984, 44 a Seosomun aka kashe su.

Ga abin da ke ba mutane haushi a kashi na biyu: yawancin wuraren babu gini, ƙaramin dutse ne mai rubutu a gefen titi, gaban banki ko bakin ƙofar metro, kuma mai sauri zai wuce shi sau biyu bai gani ba. Ki karɓi taswirar hanyar da littafin buga tambari a Myeongdong kafin ki tashi, ki kuma sa wuraren a Naver Map tun daga masauki. Shawararmu ki raba su kwana biyu. Kilomita 14 da ɗori a kan kwalta cikin zafi da gumin Agusta, lokacin da za a yi taron, ba ƙaramin abu ba ne, kuma zafin Riyad busasshe ne, na Seoul ba ya barin zufa ta bushe. Ki fita da sassafe, ki riƙe lema da takalmin da ƙafarki ta riga ta saba da shi.

Kashi na uku kilomita 29.5 ne, mutane da yawa suna haɗa shi da metro. In wuri biyu kawai za ki iya, ki je Saenamteo a bakin kogin Han, inda aka kashe Andrew Kim Taegon, limamin farko ɗan ƙasar, a 1846 yana da shekara 25, sai Jeoldusan, wani wurin da aka kashe mabiya a bakin kogin. Na biyun daga Chungjeongno tsayawa biyar ne a layi na 2, ki sauka a Hapjeong. Akwai Mas na Turanci a Myeongdong ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe. Za ki ga mata da yawa da farin mayafi a kai lokacin ibada. Al'ada ce, ba wanda zai hana ki shiga don ba ki da shi.

Batun takarda: iƙama ba ta maye gurbin biza. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Sudan sai ya nemi bizar Koriya, ofishin jakadancin yana Riyad, akwai ƙarami a Jidda. Ki fara da bizar fita da dawowa daga wurin aikinki, ki tabbata kwanakinta sun wuce ranar dawowarki, iƙamar ma ba ta kusa ƙarewa ba. In akwai ayarin da cocinku na gida zai tura, yin rajista ta hannunsu zai sauƙaƙa miki takardar gayyata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Zan raka maigidana ganin likita a Seoul a watan Janairu, tare da surukata wadda gwiwa ke damunta. Likitan ya ce ya riƙa takawa kullum. 'Ya'yana sun nuna min hoton wannan hanyar. Shin dattijuwa za ta iya? Ina za mu yi sallah, me za mu ci? Kuma ya halatta mu shiga cikin cocin?
Daga wata Hajiya, Makka.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba Alhaji lafiya. Tambayar ƙarshe ta malamai ce, kuma ba ku rasa su a inda kuke ba. Ki tambaya kafin ku tashi. Abin da za mu iya faɗa shi ne kusan duk tafiyar titi ce da kasuwa da lambun gwamnati, ana ganin gine-ginen biyu daga harabarsu. In an shiga, ba a cire takalmi, namiji kan cire hular sanyi, ba a ɗaukar hoto lokacin ibada, kuma gurasar da fada ke rabawa ta mabiya ce kawai.

Inna kuwa kada a sa ta hawan tudu biyun, musamman na Yakhyeon. Ku yanke tafiyar: ku sauka a tashar Hoehyeon ta layi na 4, ku hau Seoullo 7017, tsohuwar gadar mota ta 1970 da aka mayar ta masu ƙafa a 2017. Tsawonta wajen kilomita ɗaya, a shimfiɗe take, tana da lif da wuraren zama, ta ratsa saman tashar Seoul ta sauka ɓangaren Jungnim-dong. Aibinta a Janairu iska ce. Sanyin watan yakan sauka ƙasa da sifiri, wani lokaci har goma ƙasa da shi, kuma abaya da suwaita ba za su tare shi ba. Ku sayi doguwar rigar sanyi mai kauri, da kayan ciki masu ɗumi, da safar hannu, da takalmi mai ƙasan roba mai riƙe ƙasa, don ƙanƙarar da ta daskare a inuwa ita ke kayar da tsofaffi. A kantunan unguwa irin su CU da GS25 ana sayar da 'yan ƙunshin da ake girgizawa su yi ɗumi a aljihu. Ku fita bayan sha ɗaya na safe. Rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi, don haka tsakanin Azahar da Magariba gajere ne ƙwarai.

Alƙibla daga Seoul yamma ce, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 286. Babban masallacin birnin yana Itaewon, an buɗe shi a 1976 da gudummawar Saudiyya da wasu ƙasashen Musulmi. Daga tashar Seoul ku hau layi na 4 zuwa Samgakji, ku sauya layi na 6, tsayawa biyu ku sauka Itaewon. Shi ma a kan tudu yake, ku ɗaukar wa Inna tasi daga bakin tasha. Gidajen abincin halal sun jeru a hanyar masallacin, masu shaidar Ƙungiyar Musulmin Koriya sun fi kwantar da hankali.

A kasuwar Myeongdong ku yi hattara, naman alade yana shiga inda ba a zata ba: cikin ƙullin fulawar da suke kira mandu, cikin naɗin shinkafa na gimbap, cikin romon taliya, kuma ana zuba giyar girki a wasu miyar. Gasasshen dankalin da ake sayarwa a bakin titi lokacin sanyi ba shi da matsala. Banɗakunan tashoshin metro kyauta ne kuma da tsabta, sai dai babu tiyon ruwa, don haka ki sa ƙaramar gora a jaka. Kowa ya sayi katin T-money nasa, na biyan kuɗin metro, a kantin unguwa, a zuba masa kuɗi da takardar won, kuɗin ƙasar, a taɓa shi wajen shiga da wajen fita. Lambar motar asibiti 119 ce, ta 'yan sanda 112, ta taimakon baƙi kuma 1330.